Garin Tsahiru

Mu huɗu ne a fadarmu ta Bagalam,
bayan shagon Illa mai walda.
Buta a kan gawayi, kowa waya a tafin hannu,
kowa da garin da ya gina cikin gilashi:
ganuwa, rumbuna, maƙera,
mayaƙa ƙanana kamar ƙwayar gero.

Doka ɗaya ce, ba wanda bai san ta ba:
a nan ƙarya sunanta dabara.
Nomau ya taɓa aiko min tutar sulhu da hantsi,
kafin la'asar ya ƙone min rumbu bakwai.
Na zage shi, ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi,
muka sha na biyu a kofi ɗaya.
Ko ɗan dara ba ya nuna maka gurbin da yake hari.

To, me ya sa na Tsahiru ya tsaya min a wuya?

Wata uku muna ƙawance, ni da shi.
Iyakarsa ta gabas a buɗe take gare ni
kamar zauren gidansu a Mokoyo.
Daren Talata ya kira, murya a dushe:
an kwantar da Inna gidan likita, ana neman jini.
"Duba min garina, kwana biyu ba zan leƙa ba."
Na ce, "Wallahi."
Ba a allo na rubuta ba. Da bakina na faɗa.

Ƙarfe biyun dare aka maido wuta.
Fanka ta yi tari ta tashi, caja ta kama,
sai ga garinsa kwance, ba mai gadi a hasumiya,
zinariyar wata uku jibge a taska.
Babban yatsana ya tsaya a sama
kamar shirwa a kan ƴan tsaki.
Na ce, in ban ci ba Nomau zai ci.
Na ce, ai hoto ne, ba tubali ba.
Na ce, wasa ne.
Minti huɗu.
Ban ma ji faɗuwar ganuwar ba,
na kashe sauti don ƙanena na barci.

Da safe sunana ne a saman jeri.
Illa ya ɗaga gilashin walda, ya dube ni,
"Ka iya," in ji shi, ya mayar da gilashin.
Nomau ya ce ƙa'ida ba ta hana ba,
wa ya aiki Tsahiru ba kura ajiya?
Ya faɗa ne don ya wanke ni.
Ni kuwa kurar kawai na ji.

Na gangara bakin Gulbi wajen masu lambu,
ina aunawa, ana ban ruwa.
Ƙaryar Nomau a allo aka haife ta,
a allo aka bizne ta.
Tawa daga gidan likita na ɗauko ta,
da warin magani a jikinta.
Ba sarkin yaƙi na yi wa kwanton ɓauna ba.
Yaro ne zaune a dandamali,
auduga a gwiwar hannu,
yana ƙirga ɗigon ƙarin ruwa.

Ran Juma'a ya dawo. Inna ta ji sauƙi.
Ya haɗa shayi, ya miƙo min na fari kamar kullum.
Na ce zan mayar masa da zinariyar, har da ƙari.
Ya ce, "Haba. Wasa ne fa."
Ya fara sabon gari can ƙuryar taswira,
bukka ɗaya, rijiya ɗaya.

Da aka kira magariba ya tashi alwala,
ya miƙo min makullin kabu-kabunsa,
yadda ya saba shekara shida.
Hannun ya zo rabin hanya.
Ya dubi makullin kamar yau ya fara ganinsa,
ya sa a aljihu.

Har yanzu ni ne a saman jeri.